Amfilifayar Masallacinmu Ta Ƙone, An Ce Hannuna Ne

Malam, don girman Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni ladani ne a wani ƙauye kusa da Kunci, aikin da na gada daga mahaifina. Amfilifaya biyu, wato na'urar ƙara sautin lasifika, suka ƙone a hannuna a daminar bana. Ta biyun ina tsakiyar kiran azahar, mutane suna gona suna jira, sai ƙwan fitilar masallaci ya yi wani irin haske kamar zai fashe, na ji ƙara, sai ƙauri. Da baki na ƙarasa, ko bayan katanga ba a ji ni ba.

Yanzu Alhaji Dallatu, ɗan garinmu mai kasuwanci a Kano, ya aiko da sabuwa. Kwamitin masallaci sun ce in ta lalace za a sauya ladani. Wasu na cewa ban iya kunnawa ba, wasu kuma wai hannuna ne ba albarka. Har matata Hure aka yi wa gori a wurin niƙa, ta dawo tana kuka. Sabuwar tana nan cikin kwalinta, wallahi tsoron taɓa ta nake. Ko in ajiye aikin kafin a kore ni?

Ladani mai fargaba

AMSA

Malam Ladan, kada ka ajiye. Hasken nan da fitila ta yi alama ce da ke nuna wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima, ba hannunka ba ne. Su ma 'yan kwamiti kada ka ƙullace su. Kayan jama'a ne, dole su damu.

Ka nemi mai gyaran wuta ya zo da mitar awo, ya auna soket ɗin a gabansu, safe da rana, har da lokacin da aka dawo da wuta. Daidai shi ne bolt 220 zuwa 240; in ya haura 250, kada a jona komai. Ya duba wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, don in ta kwance, ƙarfin wuta kan yi tsalle. Kai dai kada ka buɗe soket da kanka.

Sannan a sa sitabilaiza mai yanke wuta in ta yi yawa. Da ka gama kira ka zare fulogi, in an dawo da wuta kuma ka ɗan dakata.

Ka lallashi Hure. Allah ya sa a ji muryarka har gona ta ƙarshe.