Ƙulli a Ɗakin Baba

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Ɗakin ƙofar gida nawa ne. Baba ya faɗa da bakinsa a gaban Malam Tahir da Kolo mai goro: "Ɗakin nan na Bilya ne." Su duka ƙasa ta rufe musu ido. Ƙanena Abdussalam, wanda na goya a bayana har bakin kogin Binuwai, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Tun ina da baƙin gemu nake tambayarsa ko Baba ya faɗa. Ba e, ba a'a. Kullum sai "Yaya, a bar maganar."

Yau an buɗe ɗakin. Ba don ni ba. Ɗansa Mahfuzu, wanda ya gama lekol, wato makarantar boko, a Ngaundere, ya shigar da wani baƙin akwati da batura da tulin wayoyi, shi da abokinsa Parfait.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Abin gurnani yake ba hutu, da ɗan ido kore yana ƙiftawa. Na tare Parfait a zaure na ce mene ne wancan? Ya faɗi sunan da Faransanci, wai "nœud". Na ce yi min Hausa, ni ban shiga lekol ba. Ya kama bakin rigarsa ya ƙulle. "Ƙulli, Bappa. Ƙulli ne. Akwai irinsa a ƙasashe da yawa, suna magana da juna. Abin da aka sa ciki ba ya kwancewa."

Yana faɗa yana murmushi!

Ƙulli. A ɗakin ubana. Abdussalam ya ga kwaɗo bai rufe min baki ba, ya koma asiri.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙafata ta dama ta kumbura. Me kuma nake jira?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Bayan la'asar na ɗauke taɓarya daga turmin 'yata Mardiya. Parfait ya tare ƙofa, na sauke masa a kafaɗa, ya zube kan batura. Na rufe akwatin da duka har idon ya mutu. Mahfuzu ya kai hannu zai kare, taɓarya ta samu yatsunsa. Na ji ƙas. Ya durƙusa yana "Bappa! Bappa!" kamar ni ne abin tausayi.

Yayyensa suka shigo suka danne ni. Ɗaya ya sa min gwiwa a ƙirji, kaina ya bugu da dokin ƙofa, haƙori ya fita. Na gartsa wa wani cizo a damtse, ban san wane ba, amma ya ji. Abdussalam yana tsaye. "Ku sake shi," shi ke nan abin da ya ce. Na tofa jini kusa da takalminsa na ce, Baba ya faɗa ko bai faɗa ba? Ya juya ya shige.

Na tona cikin akwatin da hannuna. Ba laya, ba gashi, ba allura. Sai ƙura da 'yar ƙaramar fanka.

Sun iya ɓoyewa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Dangin Parfait sun ce sai komisariya, wajen 'yan sanda. Su kai ni. Shi Parfait ɗin ne ya hana, wai laifin Hausarsa ne. Ban roƙe shi ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Mahfuzu ya aiko kirana, hannunsa a ɗaure. Na je da sandata. Ya aro wata tsohuwar kwamfuta, idon kore ya dawo. Ya ce duk abin da ke cikin wancan ya dawo cikin wannan, ko harafi bai ɓace ba.

Na ce ƙarya kake, da hannuna na kashe shi.

"Mai shaida ɗaya ka kashe, Bappa. Sauran suna nan, kowane yana riƙe da magana iri ɗaya. Da na kunna, su suka maimaita masa."

Ya ce yarjejeniya ake sawa a ciki, mai cika kanta. In mutum biyu suka amince, kowa ya danna nasa, ba mai dawowa gobe ya ce bai ji ba. Na ce wato shaidun da ba sa mutuwa? Ya ce in yi a hankali, wannan na gwaji ne, masu shi suna iya share komai in gwajin ya ƙare. Kuma bai san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka faɗa masa yake riƙewa.

Na ce Malam Tahir ma ai an share shi.

Yatsun nan nasa ba su miƙe daidai ba. Ban duba sosai ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na sa Mahfuzu ya rubuta: Baba ya ba Bilya ɗakin ƙofa. Na danna inda ya nuna min a wayarsa ta hannu. Saura Abdussalam, e ko a'a. Yaron ya kai masa wayar har ɗaki. Daga zaure na ji ƙarar marin, sannan wayar ta daki bango. Ɗan da ya haifa, mai karyayyen hannu! Na ɗauki sanda na nufi can, Mardiya ta riƙe min riga har ta yage.

Ba wai don yaron ba.

Talata, 6 ga Mayu

Da hannu ɗaya Mahfuzu ba ya iya juya wayar batir in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, kuma wai in abin ya daɗe a kashe za su cire shi daga gwajin. Sai ya miƙo min makullin ɗakin. Na karɓa na sa a aljihu.

Na shimfiɗa tabarmata inda Baba yake sa tasa. Kuran ya ɗauke da azahar, na juya wayar kamar yadda ya nuna, idon bai mutu ba. Zafin garin nan yana sa abin haki, na jiƙa buhu na rataya a taga. Akuyar gidan ta leƙo za ta ci waya, ta sha dutse. Ba gadinsa nake ba. Ɗakina ne, a ina zan zauna?

Ƙafar ta sace. Mardiya ta ce ƙaya ce ta ciro. Ita ta sani.

Akwai layi ɗaya a ƙasan gilashin kwamfutar da ba ya motsi. Mahfuzu ya ce ma'anarsa "ana jira". Yanzu ba ni kaɗai nake jira ba, har da waɗanda ke ƙasashen da ban san sunansu ba.

Abdussalam, kana wucewa ta ƙofar nan zuwa masallaci, kana ganina. Ranar da Baba ya yi maganar kana tsugune a ƙafarsa, kai ke riƙe da butar. Ba na son makullinka, ga shi a aljihuna. In a'a ce, danna a'a, kowa ya gani. Amma kafin a share abin nan, kafin a share ni, buɗe bakinka. Baba ya faɗa ko bai faɗa ba? Ka amsa min!