Kwaɗo a Jakar Madam

Daren Laraba, Nasarawa Burkullu

Ni ne Shehin malaman Bukkuyum, wanda tambaya ba ta taɓa kayarwa ba.

Yau Madam Rahila, Kiristar da ke yin allura a asibitinmu, ta tarar da kwaɗo cikin jakarta. Ko ihu ba ta yi ba. Ta sake shi cikin ciyawa, ta dube ni ta ce, "Ɗan Inna, a wurinmu Almasihu Allah ne, shi ya halicci har wannan."

Na san Mahalicci ba shi da ɗa. Ina son in tambayi Malam na makarantarmu yadda zan amsa mata, sai dai zai fara da "Wane kwaɗo?" Ga shi ƙanen Inna ne, kuma Madam ce ke auna wa Inna hawan jini.

Shehin nan dai ba wani shehi ba ne, ni ne Sani ɗan Inna, kuma ni na saka kwaɗon.