Saura Kwana Goma Sha Tara

Zuwa ga Maigidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin da na sha shekara talatin da huɗu ban ƙoshi ba, Sakatarena mai biro a bayan kunne,

Sai ranar Talatar makon jiya da hantsi na gane abin da ka yi. Ina tsugune gaban kwalayen da ka ɗaure da igiya, ina neman katin asibitina a koren fayil ɗinka, sai wata takarda ta faɗo daga cikin kalanda, an ninke ta gida huɗu. Ka san karatuna bai taka kara ya karya ba, amma na san sunanka, na san zanen zuciya a saman takardar asibiti, na kuma san kwanan wata. Wata huɗu kafin ka faɗi, likita ya tura ka a duba maka zuciya, ba ka je ba. Na buɗe kalandar, na ga kowace rana ka soke ta da jan biro har zuwa ranar da hannunka ya tsaya. Daga nan zuwa ranar da ka zagaye, saura kwana goma sha tara. Wayyo ni! Ashe ba ranar tafiyarmu kake ƙirgawa ba, ranar da za ka iya buɗe baki ka ce ƙirjinka na ciwo kake jira!

Tun da ka yi ritaya daga gidan waya ba ka da zance sai na komawarmu ƙasar da 'yarmu ta fari take aikin jinya. Ka ce benen nan hawa uku ya gama da gwiwoyina, hayaƙin motocin titin nan kuma shi ke tayar min da asma. Ka baje takardu a teburin cin abinci kamar yadda kake baje wasiƙu a wurin aiki: fasfo nan, izinin zama can, takardar fansho a ƙarƙashin kofi. Kai ka karanta min cewa ba a ba da izinin zama sai da inshorar lafiya, kuma kamfanin ba ya ɗaukar nauyin ciwon da ya bayyana a cikin wata shidan farko. Ni da kai a takarda ɗaya muke. Sai ka yanke a ranka cewa in likita ya rubuta ciwonka za a mayar da mu duka biyun, ni ma in rasa. Ka haɗiye, ka yi shiru, ka ɗauki jan biro.

Ka tuna yammar da kake jera min magunguna a gwangwani, kana liƙa wa kowanne suna? Na ce, "Sakatare, ko numfashina ma sai ka buga masa hatimi?" Ka ce, "Ke dai Sarkin Mantuwa, in aka bar ki sai ki sauka daga jirgi kina tambayar mutane ina kika bar takalminki." Muka yi dariya har ka dafe ƙirji, ka ce shayi ne ya ƙware ka. Na yarda. A hawa na biyu kullum kake tsayawa wai za ka gyara igiyar takalmi, alhali takalminka ba shi da igiya! Ina idona yake? Ni da nake gane fushinka daga yadda ka turo ƙofa, yaya aka yi wannan ya wuce ni?

Na nuna wa 'yarmu takardar ta waya. Ta karanta, sannan ta ce, "Umma, ai da ya faɗa min! Ba za a hana ku ba, sharaɗi kawai za a ƙara. Ni fa kullum masu irin ciwon nan nake jinya." Haba Maigida! Maganin yana cikin gidanka, tambaya ɗaya tak. Amma kai da ko sunanta ba ka iya kira don kunya, kai da hirarku ba ta wuce "Ya aiki, ya sanyi" ba, ta yaya za ka ce mata jikinka ya gaza? Ka karanta ƙananan rubutun nan sau goma, ka kasa tambayar 'yar da ka haifa sau ɗaya. Ina son in yi fushi da kai, fushin ya ƙi zama, sai ya narke kamar gishiri a ruwa.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa taga, in koma. Bango duk fayau, sai ƙusoshin da hotuna suka bari. Na kwance kwali in sake ɗaurewa, ɗaurina ba ya yin kyau kamar naka. Rigar sanyin da ka saya don ƙasar da ba za ka taka ba, sau uku ina sa ta a akwati ina cirewa. Na zama kamar tsuntsuwar da aka sare bishiyarta, tana ta kewaya wurin, ba reshen sauka. Kai ne raɓar da ke sauka ba hayaniya, kai ne tushen da ba a gani sai an yi iska. Yanzu iskar ta zo, ina zan kama?

Jiya katunan inshorar suka iso, guda biyu. Tsohon abokin aikinka mai rabon wasiƙu ya hawo har sama ya miƙo min da hannu biyu, ya kasa kallon fuskata. Tare da su akwai wata takarda. Wai sai na soke sunanka, in sa hannu, in aika kafin ranar Juma'a. In ban yi ba, komai ya rushe, a koma ƙirga wata shida daga farko, ga sababbin masu haya za su shigo ƙarshen wata. Wata shidan da ka saya min da numfashinka! In na ƙi, na zubar da wahalarka a ƙasa. In na yi, da hannuna na raba sunana da naka, in hau jirgi in bar kabarinka ba mai share masa ganye. Wace irin kyauta ce wannan, Maigida, da ba ta karɓuwa kuma ba ta mayarwa?

Zan tafi, na yi maka alkawari. Zan sha maganina a kan lokaci, zan faɗa wa 'yarmu duk inda ke min ciwo ba kunya, zan tafi da kalandarka da rigarka. Ba kuma wanda zai zauna a gurbinka, a can ko a nan, har ranar da Allah zai sake haɗa mu a takarda ɗaya. Allah ya jiƙan ka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya min rayuwa.

Taka har abada,
Sarkin Mantuwar da ta kasa mantawa da kai.

Yau Laraba. Takardar tana kan tebur, jan bironka na kusa da ita. Ban soke sunanka ba tukuna.