Bulon da Baffa Ya Zaɓa

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya maigidan naki?

Na ji an ce ofishinku ne zai gwada bulon da za a gina sabuwar makarantar firamare da shi, kuma ke aka ɗora a kan gwajin. To, faɗuwa ta zo daidai da zama, don ina cikin masu neman kwangilar. Ga direbana nan da samfur. Da hannuna na zaɓo su ɗaya bayan ɗaya, na ƙwanƙwasa na ji ƙararsu. Ki sa su a injin naku ya matse iya ƙarfinsa, in dai ba shi zai fara kuka ba. Sauran masu neman aikin kuwa yaran jiya ne, bulonsu ko akuya ta sosa jiki da shi sai ya zube.

Ki gaida mutanen gidan.

Baffanki mai bulo.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan Baffa da iyali suna lafiya.

Samfur ya iso, kuma ya yi kyau ƙwarai. Sai dai Baffa ya yi haƙuri, ba zan iya gwada shi ba. Ƙa'idar aikinmu ita ce mu zo wurin da kanmu, mu ɗauka daga inda hannu ya faɗa, ba wanda mai kaya ya ware ba. A makaranta an koya mana cewa Turawa suna da sunaye kala-kala ga irin wannan. Akwai wanda ma'anarsa a tsinko nunannun 'ya'yan itace a ce duk bishiyar haka take. Akwai kwashe man da ke saman madara. Akwai kuma zaɓen son rai, wanda shi kansa mai yi bai san yana yi ba. Ban ce da gangan Baffa ya yi ba.

Zan zo, amma ba zan faɗi rana ba. Allah ya ƙara girma.

'Yarka.

*

Injiniya,

Ina amsawa.

Ashe har suna gare shi da Turanci! Madalla. Wato shekarun da kika yi a jami'a, abin da kika ƙaru da shi ke nan, sunan abin da kowace mai tallan tumatir ta sani tun kafin ta yi wayo. Wa kika taɓa gani ya ɗora ruɓaɓɓe a saman kwando? Ranar da ubanki ya je neman uwarki, rigar da yake kwaɓa siminti da ita ya sa, ko tawa ya ara? Ki tambaye shi, yana nan da ransa.

Ni sakandare na tsaya, ban musa ba. Da shebur ɗaya da akwatin buga bulo na haya na fara, yau ga injina biyu ga tifa. Babu Baturen da ya koya mini jin ƙarar bulo. Ku kuma kuna zaune ƙarƙashin fanka da farar hular kwanon da ƙura ba ta taɓa hawa ba, kuna wa mutane fassarar madara.

Tunda zaɓe laifi ne, bari in tuna miki. Cikin 'ya'yan ubanki duka, ni na tsinko ki na ce wannan kanta na ja, a bar ta ta yi karatu. Da inda hannu ya faɗa na ɗauka, da yayanki ne injiniya, da yanzu gadoji sun ƙare a ƙasar nan.

Ki zo duk ranar da kika ga dama. Ki rufe ido, ki ɗauka ko daga bayan banɗaki ne. Wanda ya san kayansa ba ya tsoron ciniki.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa da ban girma.

Na zo ranar da Baffa ya tafi wurin dillalin siminti. Na ɗauka daga jeren baya na jikin katanga, da ƙasan tulin, da cikin tifar da aka riga aka loda. Duka sun ci gwaji, har sun wuce abin da ake nema. Ɗaya ne kawai ya gutsure a kusurwa, shi ma leburanmu ne ya yar da shi wajen saukewa.

Ga inda matsalar take. Daraktan ofishinmu ya ce in sa hoton gutsurarren a shafin farko na rahoto, in cire sakamakon sauran, wai ya yi yawa, ba mai karantawa. Surukinsa ma yana neman kwangilar. Nasa samfurin a bayan mota ya zo, nannaɗe cikin kwali, kuma an hana ni zuwa wurinsa. Darakta ya ce in ban sa hannu ba, tunda kowa ya san Baffana ne, zai rubuta cewa na yi son kai, a ɗauke ni daga sashen gwaji.

Ban sa hannu ba tukuna. Ina jiran abin da Baffa zai ce.

'Yarka.

*

'Yata,

Sannu da ƙoƙari.

Yau da safe na je ofishinku na janye takardata. Daraktan naku na gan shi, da tumbi kamar buhun siminti da ruwa ya daka. Irinsa bai isa ya ce bulona bai yi ba, ni na ce kwangilarsa ba ta yi mini ba. Yanzu babu rahoton da za ki sa wa hannu a kaina, babu kuma mai ce miki kin yi son kai.

Ki zauna a kujerarki daram. Ranar da aka fara sauke bulon surukin nasa a filin makarantar, ba mai hana ki zuwa wurin. Ki ɗauko na ƙasa. 'Ya'yan mutane ne za su zauna a ciki.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki mai bulo.