Kaset ɗin Baba Sule

Gusau, daren Talata, daminar 1998

Barci ya ƙi zuwa.

Tun da aka ba mu jiha muka baro Sakkwato, takardun ƙungiyarmu ta ma'aikatan rediyo suna can, mu nan sai suna kawai. Shi ya sa watan jiya na je Bungudu na ɗauki muryar Baba Sule, tsohon injiniyanmu. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ya ba ni labarin yadda suka fara taro a ɓoye a ɗakin janareta, don ƙarar injin ta rufe maganarsu.

Yau na kunna kaset ɗin, sai ga muryar Hajiya Rabi, abokiyar aikinmu, tana karanta gaisuwar masu sauraro daga Tsafe. Ta ɗauka a kan maganar Baba, gaba da baya!

Na same ta na yi ta faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam Bello, ka san kaset ya yi mana ƙaranci. Duk wanda ba a ɓalle wa kunne ba, na kowa ne."

Ɗan kunnen nan da ke hana a sake ɗauka a kai, ban ɓalle shi ba. Kuma Baba ne ya koya mini haka ranar da na fara aiki.

Gobe zan koma Bungudu, amma ɗansa ya ce ciwo ya kwantar da shi, harshensa ya yi nauyi. Ɗazu na zauna in rubuta abin da na tuna. Mutum bakwai Baba ya lissafa mini da suka kafa ƙungiyar. Huɗu na samu.