Shafi na Bakwai Bai Hana Toka Ba

Zuwa ga Yayana, Marigayi Garba Mai Layi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan kana cikin yalwar makwanci da rahamar Ubangiji, ina rubuto maka wannan takarda daga ɗakina a Gyadi-Gyadi, yau Alhamis bayan azahar. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka ita. A shafin ƙungiya zan saka ta, inda kowa zai karanta, domin a gaban jama'a na yi ɓarnar, a gabansu kuma ya kamata in yi gyara. Sai dai na kasa fuskantar su kai tsaye, shi ya sa na raɓe a bayanka, kamar yadda na saba tun muna yara.

Zan fara da abin da zai faranta maka rai. Ƙungiyar Tsamiya, wadda ka kafa da ƙwallon aro da riguna marasa lamba, ta haye rukuni na gaba a bana, shekara uku bayan rasuwarka. Har yau ni ne sakatare. Da hayewar tamu sai ga tayi: wani attajiri ya gina sabon filin wasa can wajen Darmanawa, da katanga, da kujeru masu rumfa, da ciyawa, da ɗakin canza kaya har da famfo, ya ce mu koma can mu mai da shi gida. Nan magana ta rabu biyu. Matasa suna son tafiya. Dattawa suna cewa filin da aka daina takawa ba ya daɗewa bai zama jerin shaguna ba, kuma ka san ba shaci-faɗi suke yi ba.

Kafin in kai ga laifina, ka bar ni in tuna maka da toka, saboda masu karatu da ba su riske ka ba.

Kowace Juma'a bayan la'asar kakan ɗauki bokiti biyu ka zaga unguwa, gidan masu tuwo, wurin masu ƙosai, bayan gidan burodi, kana karɓar tokar da suka tara maka. Ka zauna gindin tsamiya ka tankaɗe ta da rariya har sau biyu, don kada gutsuren gawayi ko ƙusa ta yanki ɗan wani. Asabar da sassafe ka kafa turaku, ka ɗaura igiya, ka cika gwangwanin nan da ka huda gindinsa da ƙusa, ka bi igiyar a duƙe daga wannan raga zuwa waccan. Ni aikina riƙe bakin igiya. In na shagala da karatu sai in ji muryarka daga can nesa: “Hamisu, ja sosai, takarda ba ta jan igiya.” In an tambaye ka dalilin wannan wahala kuma, amsarka ba ta canzawa: “Layi amana ne, da shi ake raba gardama.”

Ka kuma san yadda na yi nawa karatun. Ban wuce aji biyu na sakandare ba, sai na rama da ƙasidu: ta rigakafi, ta takin zamani, ta dokokin hanya, ta dokokin gasa. Duk wadda ta shigo hannuna sai na ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare na adana ta a akwatin ƙarfe. Kai ka laƙaba mini Malam Shafi-Nawa, domin ba na kawo magana sai da lambar shafinta. Da zolaya ka fara, amma sunan ya zame mini rawani. Shekara da shekaru ba a taɓa kama ni da kuskure ba, kuma da wannan kaɗai nake tsayawa a cikin mutanen da suka fi ni ilimi da abin hannu.

Ranar da ka rasu, Lahadi ce, ƙofar gida ta yi wa mutane kaɗan, aka ɗauko makara zuwa fili. Da liman ya ce a daidaita sahu, sai kowa ya dubi ƙasa. Layin gefe da ka zuba jiya-jiya yana nan fari tas. A kansa sahun farko ya jera ƙafafu. Ban taɓa ganin sahu ya miƙe kamar na ranar ba.

To, Yaya, ga abin da na aikata.

Ranar Lahadin makon jiya muka yi taro a gindin tsamiya don a kaɗa ƙuri'a. Matarka, Yaya Rabi, tana gefen fili a bakin kaskon ƙosanta kamar kullum, da bokitin toka a kusa da ita. Tun bayan rasuwarka ba ta bar Asabar ɗaya ta wuce ba toka ba. Yanzu da gidaje da yawa suka koma girki da gas, har Tarauni take zuwa wurin masu tsire ta roƙo. Ina ganin ta lokacin da aka miƙo mini lasifika.

Na kawo hujjojina a jere, kamar yadda na shirya su a takarda. Da na ga dattawa ba su motsa ba, sai na ce dokar sabon rukuni ta haramta zuba layi da toka, duk ƙungiyar da ta yi haka za a kore ta daga gasa. Malam Inuwa, tsohon golanka, wanda ke jagorantar masu cewa a zauna, ya ɗago ya tambaye ni a shafi na nawa. Ban duba ba, ban yi jim ba, na ce shafi na bakwai. Sai ya ce in dai Shafi-Nawa ne ya faɗa, to babu ja. Da na ga magana ta karɓu sai baki ya zarce, na ƙara da cewa ba za mu dawwama muna ƙungiyar murhu ba. Matasa suka kwashe da dariya. Yaya Rabi ba ta ɗago ba. Mayafinta kawai ta gyara, ta ci gaba da juya ƙosai.

Aka ɗaga hannu. Masu son tafiya suka yi rinjaye da hannu biyu. Malam Inuwa da wasu dattawa biyu suna cikinsu, kuma maganata ce ta ɗaga hannayen nan uku. Ka yi lissafin da kanka.

Washegari da safe na zauna rubuta rahoton taro, na buɗe akwati don in kwafi dokar kalma da kalma. Shafi na bakwai maganar raga da girman ƙwallo yake yi. Maganar layi tana shafi na tara, kuma abin da ake buƙata kawai shi ne layin ya fito sosai, kada kuma a zuba shi da abin da zai cutar da ɗan wasa. Wato abin da rariyarka take yi tun kafin a buga ƙasidar. Na karanta ta daga bango zuwa bango sau uku, babu toka a ko'ina. Sai a ƙasan akwati na gano inda na samo ta: takardar tallar sabon filin ce, mai sheƙi da hotuna, ita ke kirarin cewa kwanan toka da ƙura ya ƙare. Na karanta talla da doka a rana ɗaya, suka cakuɗe a kaina, na ɗora wa doka abin da ba ta ce ba.

Da nan abin ya tsaya, da kuskure ne, kowa yana yi. Amma yau kwana goma sha ɗaya ke nan da taron, goma daga ciki ina sane. Na haɗu da Malam Inuwa a masallaci ya fi sau ashirin. Na rubuta rahoton da lambar shafin ƙarya a ciki, na sa masa hannu. Na riƙa faɗa wa kaina cewa ai ko ba toka akwai sauran hujjoji. Gaskiyar ita ce sunan da ka ba ni nake jin tsoron rasawa, ba wani abu ba.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da ƙunshi a ƙofar ɗakina. Gwangwaninka ne, da rariya, da igiya an naɗe ta yadda kake naɗewa. Maiɗakina ta ce Yaya Rabi ce ta kawo da kanta, ta ce tunda doka ta hana, a ba Malam ya adana su cikin takardunsa, shi ya iya ajiya. Babu zagi, babu gori. Da ta zage ni, Yaya, da na fi samun sauƙi.

Ba zan ƙara wata ƙarya a kan ta farko ba, don haka ka ji ra'ayina yadda yake. Har yanzu ina ganin akwai hujjar tafiya. Gangaren ragar kudu yana nan, da damina ruwa yake kwanciya a wurin har kwana uku. Bara mai tsaron bayanmu ya karye a ramin da ke wajen. Katanga kuma da gaske dokar ta ambace ta, a shafi na goma sha biyu. Wannan na duba, kuma zan zo da ƙasidar kowa ya gani da idonsa. Amma na san abin da ke ɗaya hannun: tsofaffin da ke jan benci su zo kallo da ƙafa, 'yan adaidaita sahu da ke tsayawa su ga minti goma su wuce, kaskon Yaya Rabi, da ƙasar da aka sallace ka a kanta. Wanne ya fi nauyi, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba ni da ikon ɗora yatsa a kan sikeli.

Jibi Asabar za a tabbatar da rahoto, a aika wa attajirin amsa. Zan miƙe kafin a karanta, in ce ƙuri'ar nan a kan maganata aka gina ta, maganar kuma ba gaskiya ba ce, a sake. In sun ga dama su karɓe littafin sakatare su ba wani, hakkinsu ne. Malam Inuwa, na san za a karanta maka wannan. A gaban abokinka nake neman gafararka.

Yau da sassafe na ɗauki bokiti na je bayan gidan burodi. Na kafa turaku, na ɗaura igiya, babu mai riƙe mini ɗaya bakin. Na bi ta a duƙe da gwangwaninka har bayana ya ƙage. Layin ya karkace wajen ragar kudu, kamar tafiyar maciji. Daga nan na wuce gidanka da toka har gwiwar wandona, na yi sallama, na tsaya a zaure na faɗa wa Yaya Rabi komai, tun daga shafi na bakwai har zuwa kwana goman. Ta dubi wandon, ta dubi hannuna. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya: “Ka dai tankaɗe ta?”

Ban tankaɗe ba, Yaya. Garin sauri na bar rariyar a gida. Ta ce in share layin duka kafin wani ya taka ƙusa, gobe Juma'a in zo da rariyar bayan la'asar ta nuna mini yadda kake yi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa layin da ka miƙe wa mutane a duniya ya zame maka sauƙin ƙetare siraɗi. Allah Ya saka wa Yaya Rabi da alheri, Ya zaɓa wa ƙungiyarka abin da ya fi, ko a gindin tsamiya ko a Darmanawa. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin miƙewa ranar Asabar, Ya tsare harshena daga faɗin abin da ban duba ba. Amin.

Ƙaninka mai riƙe bakin igiya,
Hamisu