Kada Ki Turo Motar Tukuna

Madarunfa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar girma, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Aminu da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan da ke damunki. Mu nan mun gode Allah. Ruwa ya zauna, gero ya fara fitar da kai, tafki ya cika har ya taɓa lambunan bakinsa. Jamila ta warke daga zazzaɓi ta koma lakwal wurin karatunta. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk lokacin da kika kira waya ƙaninki, baban Jamila, yana kusa, kunnensa kuwa ba abin da ke wuce shi, sai in yi ta ce miki lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Saƙonki ya iso, cewa za ki turo mota ranar Lahadi a kai baban Jamila wurinki Yamai ya huta. Na san ƙauna ce ta sa. Amma ki saurare ni tukuna, don akwai abin da na ɓoye miki. Tun da mutanen daji suka sako shi, bayan kwana arba'in da ɗauke shi daga gonarmu ta wajen Gabi, jikinsa kaɗai ya dawo gida. Yana zaune a ɗaki yana fuskantar ƙofa. In babur ya wuce sai ya zabura. Na sha samun guntun tuwo a ƙarƙashin tabarmarsa, ya ɓoye saboda gobe. Da ƙyar ya faɗa mini cewa kunya ce ke cinsa, wai duk unguwa ta ga yana kuka ranar da aka shigo da shi. Ni kuma sai na yi wauta. Don kada a ce ya taɓu, duk wanda ya yi sallama sai in ce yana barci. Wata biyu ina korar mutane da murmushi, ina ganin rufin asiri nake yi. Likitan da muka gani a Maraɗi ya ba da magani, ya kuma ce kada a bar shi shi kaɗai. Na riƙe zancen maganin, ɗayan kuwa na bar shi a bakin asibiti.

Kin san ciyayyar da mazan layinmu ke yi bayan magariba a ƙofar gidan Baba Manasse, kowa da akushinsa. Na daina fitar da namu. Sai Loisa, matar Baba Manasse, ta shigo ta ce maza sun aiko ta, wai sun yi kewar miyar kifina. Na dafa, na miƙa mata. Yaya, yadda na rufe akushin haka ya dawo mini. Kwana uku a jere! Raina ya ɓaci, na ce ita ta faɗa musu hatsina ba na wasa ba ne. Ta dawo da amsar Baba Manasse, cewa shekara talatin suna cin abinci tare, ba su taɓa buɗe akushin mutum ba shi a wurin ba, kuma ba za su fara a kan baban Jamila ba.

Washegari sai na ji ana shimfiɗa tabarma a zaurenmu, ashe mazan ne suka dawo da ciyayyar nan. Ba su nemi izini ba, ba su kira shi ba, ba su ce a gaishe shi ba. Baba Manasse, da yake shi Kirista ne, ya zauna gadin akusa har sauran suka dawo daga masallaci, suka ci, suka yi hirarsu, suka tashi. Haka kullum. Ni ke share zauren, ni ke ɗebo ruwan wanke hannu, ina yi ina tsaki, don ban ga amfanin abin ba. A kwana na tara Mahaman mai amalanke, wanda kin san bakinsa ba ya hutawa, ya kama gardama da Baba Manasse a kan shekarar da gulbi ya cinye hanyar Maraɗi. Wannan ya ce kaza, wancan ya rantse ba haka ba. Sai kawai na ji murya daga ɗaki, da ƙarfi, tana cewa dukansu ba su san komai ba, shekarar da aka haifi Jamila ce. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Na manta yana da murya irin wannan. Sai Mahaman ya ce shi bai yarda ba, mai magana ya fito ya kawo shaida.

Bai fito ba a ranar. Bayan kwana biyu ya fito, ya zauna a gefe, bayansa jingine da bango, ya ɗage faifan akushinmu da hannunsa, ya yi loma uku. Ba wanda ya yi masa barka, suka ci gaba da zancen tsutsar wake kamar jiya ma yana nan.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya warke ba. Shekaranjiya ya ƙi fita, jiya ya fita. Maganin yana sha, kuma za mu koma wurin likita ƙarshen wata. Ni kuwa na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya saukewa. Wata rana Loisa ta ja ni gidanta wai in taya ta surfe, ina ɗaga taɓarya na fashe da kuka, ta bar ni na yi har na ƙoshi. Sai a ranar na gane ni ma ba wanda na bari ya tambaye ni yadda nake. Gidanki na Yamai yana da kyau, amma ku duka kuna fita aiki da safe, a rufe ƙofa. Zai koma zama da bango huɗu, ni kuma in rasa masu riƙe ni. Ke ce babba, in kin ce a tafi ba zan tsallake maganarki ba, amma ina roƙonki ki ba mu zuwa kaka.

Ki gaishe mini da Alhaji Aminu, da Farida da angonta, da Mubarak. Inna Saloma ta Safo tana gaishe ki, Jamila ma haka.

Ina cikin rubutun nan baban Jamila ya leƙo ya tambayi wa nake rubuta wa. Na faɗa masa gaskiya duka, har zancen motar. Sai ya ce in gaya miki, in dai motar za ta zo, kada ta zo ba kowa a ciki, ki shigo ta ki zo, yana son ganinki.

Taki ƙanwa,
Tani